Tsohuwar mota za ta iya shan man rake?

  

Hirarmu ta yau a kan mota take. Kada wanda ba shi da mota ya ce ba ruwanshi. Mota ke kai hatsi kasuwa. Mota ke kai mara lafiya likita. Ran da mai ya yi tsada, kuɗin mota sai ya hau, tiyar gero ma ta hau.

Kwanan baya wani direba ya tare ni a tasha. Yana da tsohuwar Peugeot 504, wadda ta girmi babban ɗanshi. Da ita yake ci da iyali. Ya ce mini: "Malam, wani fasinja ya gaya mini wai akwai ƙasar da motoci ke shan ruwan rake. Gaskiya ne? In gaskiya ne, in nemo jarka guda in zuba ma tawa?"

Na ce mishi: "Gaskiya ne, amma kada ka zuba tukuna." Na yi mishi alkawarin cikakkiyar amsa. Ga ta yau, kowa ya ji.

Mene ne man rake?

Sunanshi etanol. Kun san shi, ko da ba ku san sunan ba. Shi ne alkol ɗin da ake shafa muku a likita kafin a yi allura. Fari ne kaman ruwa, yana da ƙamshi mai ƙarfi, yana kama wuta nan da nan.

Ga yadda ake yin shi. A matse rake a tara ruwan. A zuba yis, irin na masu burodi. Yis ya cinye zaƙin, ya maida shi alkol. Daga nan a ɗora a wuta. Alkol yana tafasa a awon zafi 78, ruwa kuwa sai a 100. Don haka tururin alkol ke fara tashi. A tare tururin a sanyaya shi, ya koma ruwa-ruwa. Ana maimaita wannan cikin manyan tukwane na masana'anta, har ruwan da ya saura ciki bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba.

Ton ɗaya na rake, wato kilo 1000, yana ba da wajen lita 80. Ana yin etanol da masara, da rogo, da dawa ma. Duk abin da ke da zaƙi ko gari yana iya ba da shi.

Ku riƙe wannan: na mota ba na sha ba ne. A ƙasashe da yawa ana garwaya mishi isansi ko wani abu mai guba da gangan, don kada wani ya kai baki.

Labarin ƙasar Barazil

Barazil babbar ƙasa ce a Amurka ta Kudu. Ta fi kowace ƙasa noman rake a duniya. A shekarar 1973 kuɗin man fetur ya tashi ƙwarai. Gangar ɗanyen mai da ake saida wajen dalar Amurka 3 ta kai kusan 12 cikin ƴan watanni. A lokacin, wajen kashi 80 cikin ɗari na man da Barazil ke amfani da shi daga waje take sayo shi. Can kuma kuɗin sukari ya faɗi a kasuwar duniya. Ga rake jibge, ga mai ya gagara.

A watan Nuwamba na 1975 gwamnatin shugaba Ernesto Geisel ta kafa wani babban shiri mai suna Proálcool. Da farko an riƙa garwaya etanol kaɗan cikin isansi. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da wata ƴar ƙaramar mota, Fiat 147, mai shan etanol zalla. Masu tsofaffin motoci su ma suka riƙa kai su garaji ana juya injin.

Amma ba duka aka gyara da kyau ba. Motocin da aka yi ma gyaran ganin ido sun wahalar da masu su. Wata ta ƙi tashi da safe. Wata tsatsa ta cinye mata tanki. Sai da masu ƙera motoci suka gano inda cutar take, suka gyara, sannan mutane suka yarda. A tsakiyar shekarun 1980, mafi yawan sababbin motocin da aka saida a Barazil masu shan etanol ne.

Labarin bai ƙare nan ba. Kuɗin fetur ya sauka, na sukari ya hau. Masu masana'anta suka koma yin sukari. A 1989 etanol ya yi ƙaranci a gidajen mai. Mutane suka yi ta layi da motocin da ba su iya shan komai sai etanol. Daga nan jama'a suka guje su. Sai a 2003 aka fito da motoci masu shan duka biyun, isansi ko etanol ko garwaye. Ta farko ita ce Volkswagen Gol. Irin waɗannan su ne suka cika hanyoyin Barazil yanzu.

To fasinja bai yi ƙarya ba. Amma bai faɗi rabin labarin ba.

Yadda inji ke cin abincinshi

Inji ba mai kaɗai yake ci ba. Mai da iska yake ci, a dame. A tsohuwar mota, karbirata ce ke damun. Tana tsotso mai ta wata ƴar ƙofa ƙarama kaman kafar allura, ta haɗa shi da iska, ta tura cikin inji. Fistan ya matse haɗin. Buji ya ba da wuta. Haɗin ya fashe, ya tura fistan, ƙafafun mota su juya.

Damun nan yana da awo, kaman damun fura. Kilo 1 na isansi yana son iska kilo 15 ba kaɗan. Kilo 1 na etanol kuwa iska kilo 9 kawai yake so.

Sannan ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Lita ɗaya ta etanol tana da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin lita ɗaya ta isansi. Kaman tuwo ne da kunu. Duka abinci ne, amma mai shan kunu sai ya ƙara ludayi kafin ya ƙoshi.

Yanzu kun ga abin da zai faru in direbanmu ya zuba etanol haka nan kawai. Ƴar ƙofar nan an yi ta ne daidai isansi. Mai zai yi kaɗan, iska ta yi yawa. Damu ya tsinke. Mota ta riƙa shaƙewa, ta rasa ƙarfi a hawa, ta mutu in an tsaya. In aka matsa mata a haka, inji na iya yin zafi har ƙofofinshi na ciki su ƙone.

Gyara biyar

Wanda ke son tsohon inji ya sha etanol, ga aiki biyar da ke gabanshi. Aikin makaniki ne wanda ya san hannunshi, ba na ɗan koyo ba.

Na ɗaya: a wanke tanki, a sake matata. Etanol mai wanki ne. Duk dattin da ya daskare a tanki shekara da shekaru, zai narkar da shi ya kwaso. Dattin ya je ya toshe matatar mai da karbirata. Don haka a sauke tanki a wanke tas. A sa sabuwar matata. Bayan ƴan kwanaki a duba ta, in ta cika a sake wata.

Na biyu: a canza duk abin da etanol ke ci. Yana cin tsohuwar roba. Tiyo ya kumbura, ko ya bushe ya tsage, mai ya riƙa ɗiga. Haka robar da ke cikin famfon mai, da robobin karbirata, da ɗan tulun nan mai yawo bisa mai a cikinta. Duka a sa irin waɗanda aka yi don etanol. Har wa yau etanol yana jan ruwa daga iska, ruwa kuma ke kawo tsatsa. Shi ya sa a Barazil aka riƙa shafe cikin tanki da kuza, karbirata kuma da wani ƙarfe mai suna nikal.

Na uku: a faɗaɗa ƙofar mai. Wannan ita ce zuciyar aikin. Ana so mai ya riƙa wucewa da ƙarin wajen rabin abin da yake wucewa da. Makaniki ya cire ƙaramar ƙofar ya sa wadda ta fi ta. Haka zai yi ma ƙofar da ke ciyar da inji in mota na tsaye. A hankali ake yi, mataki mataki, ana gwada mota a hanya. Wanda ya huda ƙofa da yawa ba ya iya maida ita. Mai hankali yana ajiye tsofaffin ƙofofin cikin ƙunshi, don ranar komawa isansi.

Na huɗu: a gyara lokacin wuta da matsi. Kun taɓa jin inji yana ƙwanƙwasa a hawa, kaman ana buga ƙarfe? Mai ne ke fashewa kafin lokacinshi. A nan etanol ya fi isansi. Yana jure matsi ƙwarai bai fashe ba. Don haka makaniki na iya juya abin rarraba wuta, wanda suke ce ma delko, buji ya ba da wuta da ɗan wuri. Wasu kuma suna kankare kan inji don matsi ya ƙaru. Tsohon inji yana matse haɗin wajen sau 8. Na etanol yana kai sau 11 ko 12. Da haka mota ke ƙara ƙarfi, ta rage sha.

Amma ku saurara da kyau. In an kankare kan inji, an kankare ke nan. Motar ba za ta ƙara jin daɗin isansi ba. In an zuba mata shi za ta yi ta ƙwanƙwasa har inji ya lalace. Abin da ya ɗaure mutanen Barazil a 1989 ke nan.

Na biyar: a yi dabarar tashin safe. Etanol ba ya son sanyi. In awon zafi ya sauka ƙasa da 15, ba ya tururi sosai, inji sai ya ƙi tashi. Wani zai ce ƙasarmu ta zafi ce. Haka ne, amma ku tuna asubar watan Disamba da Janairu, lokacin ɗari. A Barazil an sa ma motocin wani ɗan tanki ƙarami a gaba, kusa da inji, mai ɗaukar isansi kaɗan. Da shi ake tada mota. In inji ya yi ɗumi, sai ya ci gaba da etanol.

Waɗannan biyar na mota mai karbirata ne. Motocin baya-bayan nan ba su da karbirata. Wata ƴar kwamfuta ce ke auna musu mai. A Faransa, tun 2007 ake saida wani mai da ake kira E85, wanda etanol ɗin cikinshi ke kai har kashi 85 cikin ɗari. A ƙarshen 2017 hukuma ta yarda a riƙa liƙa ma motocin isansi wani ɗan akwati, mai gaya ma kwamfutar ta ƙara mai. Ko can ma, sai garajin da aka amince da shi ke sa akwatin.

Injin gazuwal kuwa ba ya cikin wannan magana. Ba shi da buji, aikinshi dabam ne. Kada a zuba mishi etanol ko kaɗan.

Mu yi lissafi

Yanzu ku ɗauko alli da allo. Tafiyar da mota ke yi da isansi lita 10, da etanol sai ta sha wajen lita 14, ko da an gyara ta da kyau.

Mu ɗauka, a misali, litar isansi tana faran 500, wato dala ɗari. Lita 10 sau 500 ya ba da 5000. Jika biyar ke nan.

In litar etanol tana 400, sai ka ce ta fi araha. To, lita 14 sau 400 nawa ke nan? 5600. Ka yi asarar 600.

In tana 350, lita 14 sau 350 ya ba da 4900. Kusan kunnen doki. Ba riba, ba faɗuwa.

In tana 300, lita 14 sau 300 ya ba da 4200. A nan ne ka tsira da 800.

Direbobin Barazil suna da ƙa'ida guda da suke yi a bakin famfo. In kuɗin etanol ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin isansi, sai su sha isansi. In bai kai ba, su sha etanol. Kashi 70 na 500 shi ne 350. Kun ga lissafinmu da nasu sun zo ɗaya.

Kuma kada a manta da kuɗin gyara: tiyo, matata, ƙofofi, ladan makaniki. Sai ribar kowace tafiya ta taru ta biya wannan, sannan a ce an ci riba.

Gargaɗi uku

Na farko, wutar etanol ba ta da hayaƙi sosai, harshenta shuɗi-shuɗi ne. Da rana tsaka ido ba ya ganin ta da kyau. Mutum na iya taka ta bai sani ba. Kada a sha taba kusa. A ajiye bokitin yashi a garaji. Kada a ajiye jarka cikin ɗakin kwana, ko inda yara ke wasa.

Na biyu, alkol ɗin likita ba man mota ba ne. Galibi wajen kashi 30 cikin ɗari nashi ruwa ne. Ga shi da tsada. A bar ma masu ciwo abinsu.

Na uku, etanol yana da wani ɗan'uwa mai suna metanol. Ido ba ya raba su. Metanol guba ne, kaɗan daga cikinshi yana makantarwa, yana kisa. Ya kuma fi etanol cin roba da ƙarfe. A farkon shekarar 2022 an shigo da isansi mai metanol fiye da kima a Najeriya. Motoci da dama sun lalace. Aka janye man daga kasuwa, aka yi ta layi a Legas da Abuja. Wannan ya nuna mana abin da ke faruwa in inji ya sha abin da ba a shirya shi dominshi ba. Kada ka zuba ma motarka abin da ba ka san asalinshi ba, ko da an ce maka da araha.

Mu fa, a nan gida?

Muna noman rake. Akwai shi a koramun Matamaye da Magarya, akwai shi a fadamun jihar Doso. Amma rakenmu na sha ne, a kasuwa yake ƙarewa, gaɓa gaɓa. Rake yana son ruwa mai yawa, ya ninka abin da damana ke ba mu sau biyu ko uku. Shi ya sa ba ya yi sai a fadama. Barazil tana da ruwan sama da manyan gonaki. Mu ruwanmu a ƙidaye yake.

To a yi da masara ko dawa mana? A Amurka da masara suke yi. Amma ku ji awon. Buhun masara mai kilo 100 yana ba da wajen lita 40 na etanol. Tankin mota mai lita 50 ya fi ƙarfin buhu guda ke nan. Cika tanki sau ɗaya, buhu da ɗoriya. Kowane mai gida ya san kwana nawa buhu ke yi a gidanshi. Ƙasar da rumbunta ke ƙarewa kafin kaka, sai ta yi tunani sosai kafin ta ba mota hatsi.

Sannan ƙasarmu tana da nata fetur. Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ ke aiki kusa da Damagaram. Gidajen mai namu isansi da gazuwal suke saidawa. Etanol ba ya cikin famfonsu.

Amsar direba

Ga abin da na gaya ma direban nan da muka sake haɗuwa. Na ce: "Motarka tana iya shan etanol. Ƙarfe bai hana ba. Amma kafin ka kwance ko ƙusa guda, ka amsa tambaya uku. A ina za ka samu etanol mai kyau kullum, a nan da can inda za ka kai fasinja? Nawa ne litarshi, ya kai kashi 70 na kuɗin isansi ko bai kai ba? Wane makaniki ne ya san gyaran nan biyar, kuma ina kayan?"

Ya yi shiru. Ya ce: "Ko ɗaya ba ni da amsarta."

Na ce: "To bar ta da isansinta. In sha take yi da yawa, kai ta a wanke karbirata. A kakkaɓe matatar iska, don ƙurar hunturu tana toshe ta. A duba buji. A cika iskar taya daidai. A rage lodin da ya fi ƙarfinta. Wannan riba ce ta yau, ba sai ka jira rake ba."

Ya yi dariya, ya ce lodin ne mai wuya.

Jama'a, ga tambayoyi uku da za ku tattauna in kun taru:

1. Don me ake faɗaɗa ƙofar mai in za a ba inji etanol?
2. In litar isansi tana 600, nawa litar etanol za ta kasance kafin a ce kunnen doki?
3. A garinku, wa ya kamata ya ci amfanin fadama, mutum ko mota? Don me?

Ku rubuto mana amsoshinku. Za mu karanta su a shiri na gaba.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai wani mako.